Ka bar sigari ka sake komawa? Ba a nan zancen ya ƙare ba

Wataƙila wata uku ka yi ba ka kunna ba, wataƙila ma shekara guda cur. Har ka fara jin ƙamshin miya tun daga bakin ƙofa, tarin asuba ya lafa, abokan hira sun gaji da yi maka tayi. Sai rana ɗaya, ko ranar da ciniki ya ɓaci, ko ranar da aka yi maka rasuwa, ko ma ranar da babu abin da ya faru sai zaman kashe wando, ka miƙa hannu ka karɓi kara ɗaya. Yau ga kwali ya dawo aljihu. Kana tauna kanumfari kafin ka shiga gida, kana kauce wa ɗaukar autarka don kada ta ji warin rigarka.

Kunya ce ta fi ci maka rai yanzu. Ka riga ka sanar da maiɗakinka, ka yi wa mahaifiyarka alkawari, wataƙila har da rantsuwa. To da wane baki za ka sake cewa ka bari? Daga nan sai zuciya ta fara raya maka cewa kai dai ba za ka iya ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Wannan hukunci da ka yanke wa kanka ya fi karan da ka zuƙa haɗari, kuma ba daidai ba ne.

Yawancin waɗanda suka bari sai da suka faɗi

Ka dubi dattawan unguwa da ake nunawa ana cewa da can mashaya sigari ne. In ka zauna da su suka buɗe maka ciki, kaɗan ne za su ce maka sau ɗaya suka yar da ita shi ke nan. Mutane ƙarshen labarin kawai suke gani, ba su ga sau nawa aka koma gidan jiya kafin a kai ga haka ba.

Alƙaluma ma haka suka nuna. Binciken da aka gudanar a faɗin Nijeriya a 2012 kan ta'ammali da taba tsakanin manya, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya gano cewa kimanin mutum miliyan 3 ke busa taba a ƙasar nan, mafi yawansu maza, kuma kusan rabinsu sun yi yunƙurin bari a cikin watanni 12 da suka gabaci binciken. Ka ga ke nan masu ƙoƙarin kuɓuta suna da yawa, sai dai kowa na fama shi kaɗai a ɓoye. A lardin Ontariyo na ƙasar Kanada kuwa, masu bincike sun bi diddigin mashaya fiye da 1,000 na tsawon lokaci, suka wallafa sakamako a 2016 cewa mai shan sigari kan iya yin yunƙuri har sau 30 kafin ya dace da wanda zai ɗore. Ƙididdigar da aka saba bayarwa kafin nan ba ta kai haka ba, amma ko ita ba ta taɓa cewa sau ɗaya ya isa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yunƙuri 100 da aka yi babu magani babu mai ba da shawara, kimanin 4 ne kawai ke kaiwa gaci.

Tsohon shugaban Amurka Barack Obama misali ne da duniya ta sani. A watan Yunin 2009 ya sa hannu a dokar da ta tsananta sa ido kan kamfanonin taba a ƙasarsa, kuma a makon nan ɗin ya amsa wa 'yan jarida cewa shi kansa bai gama rabuwa da ita ba, yakan zame lokaci zuwa lokaci. Daga baya, a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2020, ya bayyana cewa abin da ya sa ya yanke ta gaba ɗaya shi ne ranar da 'yarsa Malia ta ji warin sigari a bakinsa ta ɓata fuska, kuma da cingam mai nikotin ya taimaki kansa. Mutumin da ya iya cin zaɓen Amurka ba za a ce masa rago ba, amma sai da sigari ta kayar da shi ba sau ɗaya ba.

Me ya sa kara ɗaya ke da wannan ƙarfi?

Bahaushe ya ce sabo turken wawa. A kan sigari dai karin maganar ya yi tsauri, domin turken a cikin ƙwaƙwalwa aka kafa shi, kuma mai wayo ma yana ɗaure shi. Da ka zuƙa, nikotin kan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ya sa ta saki wani sinadari mai suna dofamin wanda ke ba ka ɗan jin daɗi da natsuwa. In ana haka kullum, ƙwaƙwalwa kan ƙara yawan kafofin da ke karɓar nikotin. Shi kuma nikotin ba ya daɗewa, cikin kimanin awa 2 rabinsa ya bar jini, sai kafofin nan su fara neman ƙari. Abin da kake ji a matsayin ƙunci, saurin fushi da rashin sukuni ke nan, kuma sigarin da kake cewa tana kwantar maka da hankali, yawanci ƙuncin da ita ta haddasa take ɗauke maka na ɗan lokaci.

Wannan ɓangare na jiki yana warkewa. Wahalar ta fi tsanani a kwanaki uku zuwa mako na farko, ta ragu sosai cikin makonni 2 zuwa 4, kafofin nan kuma su koma daidai bayan 'yan watanni. Abin da ke daɗewa shi ne tunin da ƙwaƙwalwa ta ajiye. Mai shan kara 10 a rana, in kowane kara zuƙa 10 ne, ya koya wa ƙwaƙwalwarsa darasi guda sau 100 a yini, shekara da shekaru. Darasin kuwa a haɗe yake da wurare da lokuta: kofin shayin safe, bayan cin tuwo, jiran lodi a gareji, tsayuwar cunkoson motoci, daren gadi. Shi ya sa mutum zai yi wata takwas lafiya lau, ya zauna a bencin da ya saba zama, wani ya ƙyasta ashana, kwaɗayin ya taso masa kamar jiya ya bari.

Sannan garuruwanmu ba sa taimakawa. Dokar taƙaita ta'ammali da taba ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a 2015, ta haramta sayar da sigari kara-kara, ta ce sai a kwali mai kara 20, ta kuma haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Amma ka zagaya Agege ko Alaba Rago a Legas, ko Sabo a Ibadan, ko kowace tashar mota, ka ga ko akwai mai tebur da zai hana ka kara ɗaya. A ganina wannan na daga cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutanenmu ruwa. Wanda ya bari zai yi nauyin sayen kwali guda, domin ya san abin da hakan ke nufi. Kara ɗaya kuwa da canjin aljihu ake saye, har mutum ya iya gaya wa kansa cewa ai bai koma ba.

Tuntuɓe daban, faɗuwa daban

Wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Alan Marlatt, wanda ya shafe shekaru yana nazarin yadda masu barin shaye-shaye ke komawa, ya bambance abu biyu: zamewa sau ɗaya, da komawa gaba ɗaya. Ya lura cewa abin da ke kai mutum daga na farko zuwa na biyu sau da yawa shi ne abin da ya gaya wa kansa bayan zamewar. Wanda ya ce “tunda na riga na ɓata, bari in ƙarasa” ya fi saurin nitsewa. Haka wanda ya ɗora laifin a kan halittarsa, ya ce shi dama ba shi da zuciya. Wanda ya ce “na shiga wuri mai haɗari ban shirya ba” yana da abin gyarawa, don haka ya fi samun damar tashi.

Kada wannan ya sa ka raina kara ɗaya. Mafi yawan waɗanda suka zuƙa sau ɗaya bayan sun bari sukan ƙare da komawa dumu-dumu, in ba su yi maza sun taka birki ba. Abin nufi shi ne, tsakanin karan farko da kwalin farko akwai ƙofa a buɗe, kuma ko ka wuce ta, tsakanin wannan kwali da na gaba akwai wata.

Watannin da ka yi ba su tafi a banza ba

In kana shan kara 10 a rana ka yi wata uku ba ka sha ba, kara 900 ke nan da ba su shiga huhunka ba, kuma komawarka ba za ta mayar da su ciki ba. Ka kuma san abin da wanda bai taɓa gwadawa ba bai sani ba: ka san yadda kwana na uku yake, ka san cewa ya wuce kuma ba ka mutu ba.

Jiki kuma ba ya riƙo. Duk ranar da ka sake bari zai ɗora gyara daga farko. Bayanan Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa cikin minti 20 bugun zuciya da hawan jini kan fara sauka, cikin awa 12 iskar guba ta kabon monoksaid da ke cikin jini ta koma daidai, cikin makonni 2 zuwa 12 gudanar jini da aikin huhu su inganta. Bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya kan ragu zuwa kusan rabin na mai sha, bayan shekara 10 haɗarin sankarar huhu ma haka. Binciken da Richard Doll da abokan aikinsa suka yi a kan likitocin Birtaniya tun daga 1951, wanda aka bi har shekara 50, ya nuna cewa mai shan sigari kan yi asarar kimanin shekara 10 na rayuwa, amma wanda ya bari yana ɗan shekara 30 kan ceto kusan dukkansu, ɗan 40 ya ceto kimanin 9, ɗan 50 kimanin 6, ɗan 60 ma ya samu 3. Ajali na Allah ne, babu musu, amma neman lafiya wajibinmu ne.

Akwai wata dabara da waɗanda suka koma kan yi wa kansu, wato “yanzu ai ɗaya ko biyu kawai nake sha a rana”. Wani nazari da aka wallafa a Birtaniya a 2018, wanda ya tattara bincike fiye da 100, ya gano cewa mai shan kara ɗaya a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki na mai shan 20. Ragewa na da amfani idan matakala ce zuwa bari, amma ba wurin zama ba ce, kuma da wuya ɗaya ta tsaya a ɗaya.

Koma ka binciki ranar da abin ya faru

Kafin ka sa sabuwar rana, zauna ka tuna wancan karan na farko kamar mai binciken hatsarin mota. Ina kake? Ƙarfe nawa? Da wa kake? Me ka ci ko ka sha? Me ke damunka? Wa ya ba ka? Amsar waɗannan tambayoyi ita ce ribar da ka ci daga faɗuwar, kuma babu likitan da zai iya ba ka ita.

In wurin mai shayi ne, to na 'yan makonni ka sha shayinka a gida ko ka sauya benci. Ba gaba za ka yi da abokai ba, amma ka gaya musu baki da baki kada wanda ya sake yi maka tayi, ko da kai ka roƙa. In tuƙin dare ne, ka sa aswaki, gyaɗa, aya ko dabino kusa da sitiyari, ka fitar da ashana da laita daga motar. In fushi ne ko matsin kuɗi, ka tanadi abin da za ka yi a wannan minti: tashi daga wurin, shan ruwa a hankali, alwala, ko kiran wani. Kwaɗayin sigari kamar hadari yake, yakan haɗo ya yi duhu, amma yawanci cikin 'yan mintuna ya washe ko ka sha ko ba ka sha ba. Mai shan giya kuma ya sani cewa babu abin da ke karya shingen mai barin sigari da sauri kamarta.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba, alhali ya shafe mu sosai. Hayaƙin taba na sa hanta ta riƙa narkar da kafin, wato sinadarin da ke hana barci a cikin goro, kofi da shayi, da sauri fiye da kima. Da ka bar sigari sai hanta ta koma saurinta na asali, goron da ka saba ci ya riƙa yi maka aiki kusan ninki biyu. Mutane da yawa kan maye gurbin sigari da goro da kofi mai kauri, sai zuciya ta riƙa bugawa, barci ya ƙaurace, hannu na rawa, su ce rashin sigari ne ke neman kashe su, su koma. A wannan karon ka rage goro da kofi zuwa rabi, musamman daga la'asar.

Haka nan shisha. Matasa da dama sun bar sigari sun koma mata suna ganin ƙamshin tuffa da ruwan da hayaƙin ke ratsawa sun tace gubar. Taba ce, akwai nikotin a ciki, kuma hanya ce miƙaƙƙiya ta komawa kwali.

Sai waɗanda azumi ke raba su da ita, Sallah ta mayar da su. Mutumin da ya iya yin awa 13 ko fiye bai zuƙa ba, kwana 29 ko 30 a jere, ya riga ya nuna cewa yana da ƙarfin. Inda ake faɗuwa shi ne rashin shiri don ranar da shingen azumi ya ɗauke, aka koma kasuwa da majalisa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan karon kada ka tafi kai kaɗai

Yawancinmu da zuciya kawai muke bari, muna ganin neman taimako gazawa ce. Amma shawarar ma'aikacin lafiya haɗe da magani na iya ninka damar nasara fiye da sau biyu. A watan Yulin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan yi wa manya maganin barin taba, inda ta amince da magungunan maye gurbin nikotin, irin su cingam da filastar da ake mannawa a fata, da kuma ƙwayoyin barenikilin, bufurofiyon da sitisin. Cingam da filasta na ba jiki nikotin kaɗan-kaɗan ba tare da kwalta da sauran gubar hayaƙi ba, kuma haɗa su biyun ya fi amfani da ɗaya. Cingam ɗin ba a tauna shi kamar na yara: za ka tauna har ka ji ɗan yaji, ka ajiye shi a gefen kumatu, in yajin ya tafi ka sake taunawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne dainawa bayan mako ɗaya ko biyu, alhali ana so a kai makonni 8 zuwa 12. Ƙwayoyin kuwa sai da takardar likita, kada ka saya a bakin titi.

Ka fara da likitan asibitin da ka saba zuwa ko ƙwararren mai harhaɗa magani. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya, irin na Yaba a Legas, na Aro a Abekuta da na Barnawa a Kaduna, suna kula da masu fama da shaye-shaye, kuma zuwa can ba ya nufin taɓin hankali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka gaya wa likita kara nawa kake sha, da ko kana kunnawa cikin rabin awa da tashinka daga barci, domin wannan na nuna zurfin kamun. Ka faɗa masa sauran magungunan da kake sha, don akwai na asma da na ƙwaƙwalwa da ake sauya wa awo idan mutum ya bar sigari. In kuma tarinka ya wuce mako 2, ko da jini, ko kana rama da gumin dare, kada ka ce tarin sigari ne. Shan taba na ƙara haɗarin tarin fuka, gwaji da maganinsa kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Ke kuma uwargida

Kin ji warin tun ranar farko, kin yi shiru ne kawai. Ɓacin ranki na kan hanya, amma gori da “dama na san za a rina” ba abin da suke ƙarawa sai ɓoyo, mai ɓoyo kuma ba ya neman taimako. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce, “Baban Amira, na san abin ya dawo. Watannin nan da ka yi na gani, kuma na ji daɗinsu. Yaushe za mu sake gwadawa?” In ya sa rana, ki shirya wa mako biyu na saurin fushi da yawan cin abinci. Mai barin sigari kan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, kada a mayar da wannan abin tsokana.

Abu ɗaya ne babu sassauci a kansa: ba a sha a ɗaki, ba a sha a mota, ko da an buɗe taga. Taba na kashe fiye da mutum miliyan 7 a duniya kowace shekara, fiye da miliyan 1 daga cikinsu ba su taɓa kunnawa ba, hayaƙin wasu suka shaƙa. A jikin yara yana jawo ciwon huhu, tashin asma da ciwon kunne, ga mai juna biyu kuma yana iya sa a haifi jariri ba nauyi. A gidajen haya na birni, inda iyali duka ke kwana a ɗaki ɗaya ko biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kai kuma maigida, ka sa ranar cikin mako biyu masu zuwa, kada ka jira sabuwar shekara ko azumin baɗi, domin kowane mako da ka ƙara turken na ƙara nitsewa. Daren ranar ka zubar da abin da ya rage, har wanda ka ɓoye a aljihun babbar riga. Ka zaɓi mutum ɗaya da ba ka jin kunyarsa, ɗan'uwa ko aboki, ka ce masa za ka kira shi duk lokacin da abin ya taso. In kuma aka yi rashin sa'a ka sake zuƙa, ka kashe karan a inda kake, ka tashi daga wurin, ka kira mutumin nan kafin ka kwanta, filastar da ke damtsenka kuma kada ka cire ta.